Darasi: Yadda Ake Shimfiɗa Fayif ɗin Banɗaki a Ƙarƙashin Daɓen Kankare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna wani tsohon gida da ake yi wa kwaskwarima, maigidan yana son a fitar masa da banɗaki a lungun ɗakin nan. Kun ga har mun fasa daɓen. Da giranda, wato injin yanka, muka fara jan layi biyu, sannan muka sa guduma a tsakaninsu, don kada tsagewar ta bi sauran ɗakin. In kana fasawa ka tarar da rodi mai kauri ko tushen gini, ka dakata a kira injiniya.

Tun kafin haƙa, sai na ga masan da za a girka da idona. Wani ta ƙasa yake fitar da ruwa, wani ta bango. Mai fitarwa ta ƙasa, galibi tsakiyar bakin fayif ɗinsa na kai santimita 30 daga bango, kuma bangon da aka gama wa shafe da tayil nake nufi, ba tsuran bulo ba. Masai fayif mai faɗin inci 4 ake sa masa, shawa da magudanar ƙasa inci 2. Ku sayi mai kauri, don Allah. Mai laushin nan da ake matsawa da hannu ya lotsa, ba na binnewa ba ne.

To, matso da kyamarar nan, ga inda aikin yake: gangara. Ruwan nan ba inji ke tura shi ba, da kansa yake tafiya. A kowace mita ɗaya, fayif ya sauka santimita 2. Daga nan zuwa cambar da ke waje, wato ƙaramin ramin da fayif ke zuba ruwa, mita 3 ne, ke nan bakin waje zai fi na ciki ƙasa da santimita 6. Ni ba na aunawa da ido. Zare nake ja, in ɗora filam, wato ma'aunin duba daidaito, in bi shi taku-taku.

Kuma gangarar sai ta samu shimfiɗa. Kun ga yashin nan? Kaurinsa ya kai santimita 10, mun yayyafa masa ruwa mun daddaɓe. An taɓa kirana wani gida da bai kai shekara da gyara ba, masai na toshewa kowane mako. Da muka fasa sabon tayil, sai ga fayif an ɗora shi a kan ɓaraguzan bulo, tsakiyarsa ta yi ciki, ƙazanta ta kwanta a wurin. Wallahi har yau ina tuna fuskar uwargidan tana kallon tayil ɗinta a tarwatse.

Wajen kwana, kada ka sa elbo, wato lanƙwasasshen mahaɗin fayif, mai digiri 90 a kwance. Haɗa biyu masu 45, ruwa ya sha kwana a hankali, kuma in an zura wayar buɗe toshewa za ta wuce. Kai, miƙo min gam ɗin nan. Ka kankare bakin da ka yanka, ka goge ƙura, ka shafa ciki da waje, ka tura ka ɗan murɗa, ka riƙe kamar daƙiƙa 30. Magudanar shawa kuma a tabbata tana da lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, ita ke tare wari da kyankyasai. Fayif ɗin iska kuwa mun fitar da shi ta bayan bango zai haura rufi.

Yanzu gwaji. Gam ya kama, mun toshe bakin waje, mun cika layin da ruwa, ga alamar da na yi da biro. Birkila yana ta gaggawa, amma ba za a kwaɓa siminti ba sai gobe da safe, in ruwan bai sauka daga kan alamar nan ba. Daga nan maigida ya ɗauki hoton layin gaba ɗaya da wayarsa ya adana, mu rufe da yashi, mu naɗe wuyan kowane fayif da soso inda zai ratsa kankare, mu ɗaure bakunansu da leda don kada siminti ya faɗa.