'Yan soshiyal ba ɓarayin yara ba ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa da suka taso tun daga Landan da Birmingham, sannunku da hanya.

Shekarata tara ina yi wa ƙaramar hukuma aikin tafinta, mafi yawa tare da ma'aikatan jin daɗin jama'a, waɗanda muke ce wa 'yan soshiyal. Na san sunansu kaɗai yana sa gaban iyaye ya faɗi. Akwai ranar da na raka wata ma'aikaciya wani gida, muna jin motsin yara a ciki, aka kashe fitila, aka ƙi buɗe ƙofa. Sai da na yi sallama da Hausa. Uwar ta buɗe tana rawar jiki, goyo a bayanta, bango duk ya yi baƙi da danshi, babu ɗumi a ɗakin ga tsakiyar hunturu. Abin da ya kawo mu ke nan: makaranta ta lura yaron ba ya rabuwa da tari. Ba a ɗauke mata kowa ba. Sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma taimakon yaron da ke cikin buƙata, ko da takardun iyayensa sun hana su tallafin gwamnati. Da wannan sashen aka sama musu wani masauki.

Ina so ku riƙe wannan da kyau. A Ingila ma'aikaci ba shi da ikon ɗauke yaro don ganin damarsa. Ko dai da yardar iyaye, ko da umarnin kotu, ko 'yan sanda su ajiye shi idan yana cikin haɗari, shi ma bai wuce awa 72 ba. In magana ta kama hanyar kotu, gwamnati ce ke biyan lauyan iyaye.

Me ya sa suke da bin diddigi haka? Saboda Victoria Climbié. Yarinya ce 'yar shekara 8 daga Kwaddibuwa, iyayenta suka ba wata 'yar'uwar mahaifinta riƙonta don ta samu boko a Turai. Ta rasu a Landan a Fabrairun 2000, aka ƙirga raunuka 128 a jikinta. Likitoci sun gan ta, 'yan sanda sun gan ta, 'yan soshiyal ma sun gan ta, babu wanda ya cece ta. Binciken Lord Laming a kan mutuwarta ne ya haifar da Dokar Yara ta 2004. Duk lokacin da na tuna labarin nan, riƙo irin namu nake gani, amana ce aka bayar aka ci.

Riƙo alheri ne, da yawanmu a hannun gwaggo ko kawu muka tashi. Amma a nan, idan yaron da bai kai shekara 16 ba zai yi kwana 28 ko fiye a gidanki, kuma ke ba kakarsa ba ce, ba yayarsa ba, ba gwaggo ko inna ta jini ba, ba matar kawunsa ko baffansa ba, ba matar ubansa ba, doka ta ce ki sanar da ƙaramar hukuma. 'Yar ƙawarki da ta zo karatu daga Zinder ko Kumasi tana ciki. Za su zo su ga ɗakinta, su zanta da ita, su riƙa leƙowa.

Batun duka kuma, iyayena maza, ku gafarce ni. Scotland ta haramta shi gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022. A Ingila ma, dukan da ya bar shaida a jiki ba shi da kariya a kotu. Wayar caja da bel sun kai gidaje da yawa gaban alƙali.

Ba na ce 'yan soshiyal ba sa kuskure ba. Na ga ma'aikacin da ya rubuta cewa yarinya tana tsoron ubanta don ta ƙi haɗa ido da shi, alhali kunya ce da ladabi. Da ba na wurin, da haka zai shiga fayil. Shi ya sa nake roƙon samarinmu da 'yanmatanmu masu shirin jami'a, kada kowa ya ce sai likitanci ko injiniya. Muna buƙatar ma'aikacin da ya san kunyar ɗan fari, ya san zaman jego, ya iya gaida tsohuwa.

Bayan sallar la'asar zan zauna a teburin bakin ƙofa. Duk wanda aka aiko wa wasiƙa bai gane ta ba, ya kawo mu karanta tare, ba wanda zai ji. Wassalamu alaikum.