Ragon naka ne, amma makullin garken na hannun wa?

Assalamu alaikum. Ku na baya kuna ji na? To madalla. A bar fankar nan tana yi, mu Sakkwatawa ba a wasa da mu kan iska tunda an samu wuta.

Abu huɗu zan taɓa kan shagunan nan na intanet da ke sayar da gem, irin su Steam da GOG, da hakkin da ke kansu in gem ya ƙi tashi a tsohuwar Windows. Na farko dai mu san inda muke. Wa ke da Windows 7 a laftof ɗinshi? Ku ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne. Kun gani ko, har da mai ɗaukar faifan. Mafi yawan na'urorinmu na hannu ne, wani ya ci moriyarsu can Turai kafin su iso mana. Microsoft ta janye hannunta daga Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinta 14 ga Oktoba 2025, ita ko Windows 11 sai na'urarka na da wani ɗan abu da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi.

Na biyu, kuma nan ne zan zauna, ku yi haƙuri da ni. Ranar 1 ga Janairu 2024 kamfanin Valve mai Steam ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 da 8.1, kamar yadda ya yi wa XP da Vista a 2019. Mi sunka ce dalili? Cikin manhajar Steam akwai burauzar Chrome da anka dasa, da ita kake ganin shagon, ita ko Google ta tsaya a Chrome 109 ga Windows 7. To ku saurara da kyau. Gem ɗin lafiyarshi lau. Gem ɗin da anka yi a 2010, don Windows 7 ɗin nan anka gina shi, kwalinshi ma haka ya ce. Abin da ya tsufa ƙofar shiga ce, kuma gem da yawa ba su tashi sai sun bi ta ƙofar.

Ɗauka ka tafi kara ana saura wata biyu Layya, ka sayi rago, ka biya lakadan, dillali ya ce bar shi a garkena, duk sanda kake so ka zo ka gani. Ran jajibiri ka zo, sai ya ce ai mun canza kwado, makullinka ba ya buɗewa, sai ka sayo sabuwar riga kafin mu bar ka ka shiga. Ragon na nan yana kallonka yana tuƙa! Ba ciwo ya yi ba, ba mutuwa ya yi ba. To wa ke da laifi, kai ko ragon? Alhaji na dariya, da alama an taɓa yi mishi.

Kar ku ce na ce shago ya yi ta gyaran Windows 7 har tashin ƙiyama. A'a. Wanda ya ƙera ta ma ya sake ta, kuma manhajar da kake sa katin banki a ciki ba ta zama kan tsarin da ba a toshe ramukanshi. Wannan na yarda. In kuskuren cikin gem ɗin yake, na wanda ya rubuta shi ne. Amma ƙofa fa? Ƙofa ta mai shago ce, shi ya gina ta, shi ya karɓi kuɗi a bakinta, Steam kashi 30 cikin 100 take ɗauka a yawancin ciniki. Ba ka cin riba a bakin ƙofa sannan ka ce ba ruwanka in ta kulle. Ko dai ka bar mini 'yar ƙaramar ƙofa da ba ta komai sai tada abin da na saya, ko ka miƙo mini ragona in ɗaure a gida.

Kuma ana iyawa, shi ya sa nake hushi. GOG, can Poland, tun 2008 suke sayar da gem ba kwado, ka sauke fayil ɗin sakawa ka aje a filas, ko ba data zai hau. Har tsofaffin gem na zamanin DOS suke naɗewa cikin DOSBox, wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'ura, don su tashi a sabuwar na'ura. Ba na ce duk gem ɗinsu zai hau Windows 7 ba, amma wanda ka sauke naka ne, yana aljihunka.

Na huɗu... na yi na uku? Ban yi ba? To a haɗa su. Maido da kuɗi. Steam kwana 14 ne, kuma kar ka wuce awa 2 kana bugawa, GOG kwana 30. Wanda ya sayi gem shekara biyar baya, wannan bai amfane shi da komai. Sannan a California ta Amurka, daga 2025 doka ta tilasta wa shago ya faɗa maka ƙarara cewa lasisi kake biya. Wato aro ne mai kama da saye.

Na'am ɗan'uwa, ɗaga murya. Yana cewa, tunda ya biya kuma an kulle shi, ko ya halatta ya sa na kirak, wato kwafin da anka fasa wa kwado? Kai, so kake ka haɗa ni da malamai a garin Shehu! Fatawa ba tawa ba ce, ka kai wa masu ita. Abin da na sani a bakin aikina, fayilolin nan sau da yawa da ɓarawo a ciki suke zuwa, ga Windows 7 ba mai gadi, ga manhajar bankinka. Nawa ne RAM ɗinka? Giga huɗu? To gwada Linux Mint, madadin Windows ce, kyauta ce, Steam na hawa kanta, kuma tun 2018 suna da Proton mai tada gem ɗin Windows a can. Ba duka ke yi ba, musamman na bugawa da mutane ta intanet. Ka kwashe hotunan bikinka tukuna kafin ka goge komai, kar amarya ta biyo ni gida. Ga kiran salla can, ka same ni bayan La'asar da filas mai giga takwas.