Hakeem Olajuwon: Golan Legas da Ya Gagari Dogayen NBA

Jama'a, ku bar kallon hannun mutumin nan, ku zuba ido a kan ƙafafunsa. Tsayinsa ya kai ƙafa bakwai, amma ku ga yadda yake juyi. Wannan shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963, tsohon tauraron NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Sai da ya kai shekara 15 kafin ya fara ƙwallon kwando. Kafin nan gola yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, kuma a can ya samo saurin taku da gane inda ƙwallo za ta bi. Ya tafi Jami'ar Houston a Amurka, inda yake gogayya da Moses Malone, tauraron NBA na wancan zamani, a lokacin hutu. A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta zaɓe shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, a shekarar da Michael Jordan ya zo na uku.

Yanzu ku lura da salon da ake kira Dream Shake. Zai karɓi ƙwallo ya ba kwando baya, mai tsaronsa na manne da shi. Ya kaɗa kafaɗa kamar zai bi dama, sai ya murɗa hagu. Ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mai tsaro ya yi sama, shi kuwa ƙafarsa ɗaya na nan dashe a ƙasa. Kafin wancan ya sauko, Hakeem ya kurɗa ta ƙarƙashin hammatarsa ya zura. In kuma ba a yi tsallen ba, sai ya ja baya ya jefa daga nesa. Ko ta ina ka tare, akwai wata ƙofa a buɗe. Shi ya sa daga baya Kobe Bryant da LeBron James suka je har wurinsa koyon wannan taku.

A 1994 ya haɗa abin da ba a taɓa haɗawa a kaka ɗaya ba: gwarzon gasa, gwarzon tsaro, da gwarzon wasan ƙarshe, bayan Rockets sun doke New York Knicks ta Patrick Ewing. A ganina 1995 ta fi daɗi. David Robinson na San Antonio Spurs ne gwarzon gasa a shekarar, amma da suka haɗu a zagayen kusa da na ƙarshe, Hakeem ya yi ta wasa da hankalinsa, yana cin maki 35 a matsakaici kowane wasa. Daga nan Rockets suka share Orlando ta Shaquille O'Neal a zagayen ƙarshe, suka ci wasa 4 da nema.

Ga abin da ke taɓa ni sosai. Watan Fabrairun wannan shekarar ya faɗo cikin Ramadan, Hakeem yana azumi, kuma shi aka ba kyautar ɗan wasan wata.

Ya yi ritaya a 2002 bayan kaka ɗaya a Toronto, ya bar tarihin toshe ƙwallo sau 3,830, wanda har yau babu wanda ya kamo shi a NBA.