Yatsa ƙasa: a ba jama'a damar danne maganar mutum ko a hana?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka, na Madina, na Jidda, da ku na gida masu kallonmu daga Kano, Katsina, Damagaram, ko'ina dai kuke. Yau a kan wata 'yar alama za mu yi magana, yatsan nan da ke kallon ƙasa, wasu wuraren kuma kibiya ce, wadda idan ka danna kana cewa wannan maganar ba ta yi ba.

Abin da ya taso da zancen shi ne, kwanaki bayan isha'i muna zaune a Shara Mansur, wata unguwa a nan Makka, ana shan shayi, sai Kawuna ya miƙo min wayarsa ya ce "kai ɗan nan, duba min wannan". Wani ne ya rubuta a ƙarƙashin wani bidiyon aikin Hajji, wai duk mai son shiga Makka ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ya neme shi, yana da mota yana da hanya, kuɗin ba yawa. Laik kuwa rututu, mutane sai addu'a suke zuba masa, Allah ya saka da alheri, Allah ya biya. Kawu ya ɗaga gilashinsa ya dube ni ya ce "to ni da na san halaka ce wannan, ina zan danna?"

Kuma duk wanda yake ƙasar nan a Hajjin 2024 ya san abin da Kawu yake nufi. Zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomi suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba tanti, ba motar da za ta ɗauke su, tafiya ce a ƙasa cikin rana. Irin wannan tallan ne yake kai mutum can. Amma a wurin da Kawu yake kallo, mai son maganar yana da abin dannawa, wanda ya san ƙarya ce ba shi da komai sai dai ya wuce.

Toh bari mu ga yadda abin yake aiki a inda ake da shi. Reddit, wani dandalin tattaunawa ne a intanet, tun 2005 aka kafa shi, kowace magana tana da kibiya biyu, sama da ƙasa. Ana cire na ƙasa daga na sama, abin da ya rage shi ne makinka, mai maki da yawa ya hau sama kowa ya gani, wanda aka danne kuwa ya gangara can ƙasa har a naɗe shi, sai ka taɓa da kanka kafin ya buɗe. Kuma jama'a sun taɓa nuna ƙarfinsu da shi, a watan Nuwamba 2017 kamfanin wasannin kwamfuta na EA ya fito yana kare yadda yake karɓar kuɗi a cikin wani wasansa, mutane suka yi masa yatsa ƙasa sama da 600,000, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya dakatar da sayarwar na wani lokaci. Kowa danni ɗaya kawai ya yi.

Akwai kuma wani gwaji da aka buga a mujallar Science a 2013 da nake so ku riƙe. Masu binciken sun riƙa ba wasu maganganu ƙuri'ar farko da ka, ba don kyau ko muni ba. Wanda aka ba yatsa sama, sai damar mai zuwa shi ma ya danna sama ta ƙaru da kashi 32, a ƙarshe makinsa ya fi na saura da kashi 25. Wanda aka ba yatsa ƙasa ba da haƙƙi ba kuwa, mutane sukan zo su gyara su ɗago shi. Ka ga kenan laik shi kaɗai ma ba tsarkakakke ba ne, shi ne ma ya fi jan mutane kamar garken tumaki, ta gaba ta tsallaka saura su bi. Mai motar nan abokansa biyar suka fara danna masa sun gama aiki.

Da a nan maganar ta tsaya da na ce a ba kowa yatsa ƙasa, halas. Amma akwai abin da na gani da idona da ya hana ni.

Wata baiwar Allah ce, shagala take yi, wato aikatau, a wani gida, ta rubuta cewa mutumin da ya yi mata hanyar zuwa ya riƙe mata albashin watanni wai kuɗin biza, kuma ta yi kuka ta yi roƙo ba abin da ya canja. Rubutun ma duk kurakurai, ka san da hannu na rawa aka yi shi. Mutumin kuwa babba ne a cikinmu, kowa ya san shi, ya yi wa mutane da yawa hanya, ana cin abinci a gidansa da azumi. Wallahi kafin awa ɗaya an yi mata caa, butulu, maƙaryaciya, ki ji tsoron Allah. Na zauna ina tunani, da a ce akwai kibiyar ƙasa a wurin nan ai ba sai sun ɓata bakinsu ba, mutum ashirin su danna shikenan maganarta ta nutse, kuma wata yarinyar da take Kano tana haɗa kuɗi za ta kai wa mutumin nan ba za ta taɓa gani ba. Mu nan ba yawa gare mu ba, kowa ɗan unguwar wani ne ko surukin wani, taron dangi a wurinmu abu ne mai sauƙi ƙwarai.

Wannan ne ma dalilin da YouTube ya bayar a Nuwamba 2021 lokacin da ya ɓoye adadin dislaik, ya ce ana haɗa kai a far wa ƙananan masu tasha. Maɓallin yana nan, mai bidiyo yana ganin adadin a ɓangarensa, kai mai kallo ne ba ka gani. Mutane da yawa sun ji haushi kuma ina ganin suna da hujja, don da kana neman yadda ake gyaran wani abu a waya, kallo ɗaya za ka yi wa dislaik ka san bidiyon shirme ne.

Sannan kada mu ɗauka wanda aka danne yana gyaruwa. Wani bincike na 2014 da masana daga jami'ar Stanford suke ciki ya duba miliyoyin maganganun mutane, ya gano wanda aka yi wa yatsa ƙasa yawanci ƙara yawan rubutu yake yi, rubutun ya ƙara lalacewa, kuma ya koma yana danne wasu shi ma. Ramuwar gayya kenan.

Ni dai inda na tsaya, a ba mutane yatsa ƙasa, amma kada ya zama kyauta kuma kada ya zama bebe. A Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja suke tambayar juna, idan ka danne amsar wani kai ma za a cire maka maki 1, don haka sai ka tabbata kafin ka taɓa. A Hacker News, dandalin masu harkar kwamfuta, sai makinka ya haura 500 kafin kibiyar ƙasa ma ta bayyana maka, wanda ya buɗe akawun jiya don ya taya ɗan uwansa faɗa ba zai same ta ba, kuma ba ka da ikon danne wanda ya mayar maka da amsa kai tsaye. Slashdot kuwa, shi ma shafin labaran fasaha ne, tun da daɗewa mai hukunci sai ya zaɓi dalili, maganar ta kauce wa batu ne, ko tsokana ce, ko maimaici. Wannan na dalilin shi ya fi kwanta min a rai, saboda "ƙarya ce" daban, "damfara ce" daban, "ban ji daɗi ba" kuma daban, kuma ta ƙarshen nan bai kamata ta isa ta binne kowa ba. TikTok a 2022 ya saka nasa a kan sharhi ba tare da nuna adadi ba, aƙalla ba wanda za a kunyata a gaban jama'a.

Kuma akwai dalilin da ya sa ban yarda a hana gaba ɗaya ba, dalili ne namu na nan. Mutanenmu da yawa ba za su iya fitowa da sunansu su ce wa babban mutum ƙarya kake ba, wani iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, wata tana tsoron maganar ta koma kunnen kafili, wato ubangidan da take zaune a ƙarƙashin sunansa, wani kuma gobe zai haɗu da mutumin a masallaci. Dannawa a ɓoye ita ce kaɗai muryar da suke da ita.

A daren nan dai na nuna wa Kawu inda ake kai rahoto, muka kai. Sai ya ce hakan bai ishe shi ba, ya karɓi wayarsa ya gyara zama, da yatsa ɗaya yake rubutu, ya fi minti goma yana yi. Ya rubuta cewa shekarunsa sun haura talatin a Makka, ya ga waɗanda aka sauke a bayan duwatsu aka ce su ƙarasa da ƙafa, duk mai son ransa kada ya kira lambar nan. Da na duba washegari maganar Kawu tana can ƙasa da laik uku, ta mai motar kuma tana nan a sama.