Jinin da Ke Cikin Kwalba Bai Mutu Ba: Lacca Kan Gwajin Sukari da Homon

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ma'aikatan ɗakin gwaji, da ku ɗalibai da kuka cika bayan ɗakin nan, barkanmu da warhaka. Na baya kuna jina? To madalla.

Abu huɗu na zo da su, duk a kan hanyar da jini ke bi daga hannun majinyaci zuwa takardar sakamako. Amma bari mu ɗan taɓo tushe. Homon saƙo ne: wata gaɓa ta zuba shi a jini, ya je ya ba wata gaɓar umarni, kuma adadinsa ɗan mitsitsi ne ƙwarai. A 1921 Banting da Best suka tsamo insulin, homon ɗin da ke sauke sukarin jini, a Toronto ta ƙasar Kanada, a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa. Amma sai da aka kusa shekara 40 kafin a iya auna shi da kyau a jinin mutum, lokacin da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da dabararsu a Amurka wajen 1960. Ita ce ta kai Yalow ga kyautar Nobel a 1977. Yau na'urorinmu sun ƙware. Mafi yawan kuskuren da ya rage, kafin jinin ya isa na'ura yake faruwa.

Na farko, sukari. A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Ku dubi kwalbar nan da ke hannuna. An ɗebi jini ƙarfe takwas na safe, an rufe, an ajiye a kan tebur. Mutum ya ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba! Jajayen ƙwayoyin jini da fararen da ke ciki suna nan da ransu, yunwa suke ji, kuma abincinsu shi ne sukarin nan da muke son aunawa. Babu wanda ya gaya musu an fitar da su daga jiki. (Dariya) Cikin kowace awa suna cinye kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na sukarin. Kashi 5 zuwa 7, kowace awa. Ku rubuta wannan.

To mu yi lissafi tare. Ma'aunin da aka tsayar na ciwon sukari, idan mutum ya kwana bai ci komai ba aƙalla awa 8, shi ne milimol 7.0 a lita, wato miligiram 126 a ɗaya ma'aunin. Ga mutum, sukarinsa na gaskiya 7.4. Kwalbarsa ta yi awa biyu tana jiran a tara sauran a kai gaba ɗaya. Awa ta farko ya sauko wajen 7.0, ta biyu ya koma 6.5. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, abin da ta tarar ta faɗa. Amma an sallami mai ciwo an ce bai kai ba, ya tafi gida sukari na ci masa ido da ƙoda a hankali.

Inda abin ya fi taɓa zuciya shi ne mata masu juna biyu. Ma'auninsu na safe kafin cin abinci, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓa a 2013, 5.1 ne. Tazarar ƙarama ce sosai. Mace mai 5.3, awa ɗaya kacal ta isa ta mayar da ita 5.0. Kuma kun san yadda gwajin yake: a ɗebi jini na farko, a ba ta giram 75 na sukari a ruwa ta sha, a ɗeba bayan awa ɗaya, a sake ɗeba bayan awa biyu. Mene ne ke faruwa a wurare da dama? Sai a jera kwalaben uku, a jira na ƙarshe, a kai su tare. Wato ta farkon, wadda ma'auninta ya fi tsauri, ita ta fi kowacce daɗewa a kan tebur. Kun ga matsalar?

Na ga wani yana nuna mini kwalba mai murfi ruwan toka. E, na san za a ce ai akwai fuloraid a ciki, shi ke hana cin sukarin. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Cin sukari a cikin ƙwaya mataki-mataki ne, wajen mataki goma. Fuloraid can kusa da ƙarshe yake tsayawa, a kan wani enzayim, wato sinadarin da ke tafiyar da matakin, mai suna enoles. Kamar ka datse kwata ne daga ƙasa: ruwan sama zai ci gaba da shiga har sai ta cika ta tsaya da kanta. Haka matakan farko ke ci gaba da kama sukari, awa ɗaya, awa biyu, wani lokaci sai an kusa awa huɗu kafin komai ya tsaya cak. Saboda haka a awar farko, kwalba mai fuloraid da marar shi kusan asara ɗaya suke yi.

To mene ne abin yi? Hanya biyu ce. Ko dai da zarar an ɗeba a tsoma kwalbar cikin ƙanƙara haɗe da ruwa, a wulwula ta a na'ura a raba ruwan jini da ƙwayoyin cikin minti 30. Ƙanƙara da ruwa na ce, don ruwan ne ke rungume kwalbar ta ko'ina, busasshen dunƙulen ƙanƙara gefe ɗaya kawai zai taɓa. Ko kuma a yi amfani da kwalba mai sitret tare da fuloraid. Sitret yana tsamama jinin nan take, enzayim na matakin farko ya tsaya tun daga bakin ƙofa. Kuma a juya kwalbar a hankali sau da yawa don maganin ya gauraya, ban da girgizawa, girgiza tana fasa ƙwayoyin.

Wani abu kuma, zafi yana ƙara saurin cin. Yawan ƙwayoyi ma haka: jinin jariri sabon haihuwa, ko na mai kansar jini da fararen ƙwayoyinsa suka yi yawa, sukarinsu kan zube da sauri har a zaci mutum sukarinsa ya faɗi alhali lafiyarsa lau ta wannan fannin. Ku masu bincike, wannan ya shafe ku kai tsaye. In cibiya ɗaya tana raba jini cikin minti 30, ɗayar tana barin sa awa uku, kuka haɗa alƙaluman, bambancin tebur kuka auna, ba na mutane ba. A rubuta lokacin ɗiba, a rubuta lokacin rabawa, a kan kowace kwalba.

Shugaba yana duba agogo. Na biyu ke nan ko? Kotizol, homon ɗin da jiki ke ƙara fitarwa lokacin damuwa. Shi da lokaci yake tafiya: ya yi sama da sassafe, ya yi ƙasa wajen tsakar dare. Sakamakon kotizol da ba a rubuta ƙarfe nawa aka ɗeba ba, ba ya fassaruwa. In ana zargin ya yi yawa, a ba da miligiram 1 na maganin deksametazon ƙarfe 11 na dare, a auna ƙarfe 8 na safe, ya kamata ya sauka ƙasa da nanomol 50 a lita. A tambayi mace ko tana shan ƙwayar tsarin iyali mai estirojin, don tana ɗaga sakamakon.

Sai bayotin, bitamin ɗin nan da ake sha don gashi da farce. Na'urori da yawa da bayotin suke kama homon, to in ya yi yawa a jini sai TSH, homon ɗin da ke ba tayirod (gaɓar da ke wuya) umarni, ya fito ƙasa, homon ɗin tayirod ya fito sama, kamar mai ciwon tayirod sak. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. A dakatar da shan sa aƙalla kwana biyu, a sake gwaji. Na uku... a'a, bayotin ɗin ne na ukun. Furolaktin kuma, homon ɗin da ke sa nono ya kawo ruwa, in ƙarin da ke ƙwaƙwalwa mai fitar da shi babba ne amma sakamako ya fito kaɗan, a sirka jinin kashi ɗaya cikin ɗari a sake aunawa, yawansa ne ya cika na'urar. Na'am, 'yar'uwa, ga hannu can.

(Tambaya daga cikin mahalarta: Malam, tunda sukari na da wannan wahala, me zai hana mu koma HbA1c kawai?)

Allah Ya yi miki albarka, tambaya mai kyau. HbA1c gwaji ne mai nuna matsakaicin sukarin watannin baya. Shi kam ba ruwansa da tebur, ba kuma sai an kwana da yunwa ba. Samuel Rahbar ne ya lura da shi a jinin masu ciwon sukari a Iran a 1968, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kashi 6.5 a matsayin ma'auni. Amma ki duba kan me ya dogara. Sukari ne ke liƙewa a jikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jar ƙwaya, muddin jar ƙwaya na raye, ita kuwa kwana 120 take yi. To duk abin da ya taɓa tsawon ranta ya taɓa sakamakon. Wanda ƙwayoyinsa ke fashewa da wuri, ko ya zubar da jini, ko aka yi masa ƙarin jini kwanan nan, zai fito ƙasa da gaskiya. Mai ƙarancin sinadarin ƙarfe zai iya fitowa sama. Mai sikila SS ba shi ma da himogulobin A ɗin da ake aunawa, kada a yi masa. Mai AS kuwa ya danganta da na'urarku, ki je ki karanta takardar da ta zo da ita, an rubuta irin himogulobin da ke rikita ta. A irin waɗannan mutane a koma ga sukarin safe da gwajin giram 75, don bibiya kuma akwai furuktosamin, mai nuna mako biyu zuwa uku da suka wuce. Ciwon sukarin juna biyu ma ba da HbA1c ake gano shi ba, sai an sha ruwan sukarin nan, kwalba uku, kowacce a cikin ƙanƙara tun daga minti na farko.

Shugaba, na huɗun sai bayan an dawo hutu.