Daga Incapacity Benefit zuwa ESA: yadda Birtaniya ta sauya wa marasa lafiya tsarin tallafi

A Birtaniya, idan ambulan mai ruwan ƙasa ya faɗo ta ramin ƙofa, mai gida ya san daga gwamnati ne. Daga 2011 zuwa 2014, mutum kusan miliyan ɗaya da rabi da ke karɓar kuɗin tallafin rashin lafiya sun yi ta zaman jiran wannan ambulan, gabansu na faɗuwa.

Tallafin da suke karɓa shi ne Incapacity Benefit, wanda aka kafa a 1995 don waɗanda ciwo ko naƙasa ya hana su aiki. A watan Oktoba na 2008 aka rufe ƙofarsa ga sababbin masu nema, aka kawo sabon tallafi mai suna Employment and Support Allowance, wato ESA, a madadinsa. Saura tsofaffin masu karɓa. An fara gwada sauya su a garuruwan Aberdeen da Burnley a Oktoban 2010, aikin ya game ƙasa a 2011.

Ga yadda abin ya riƙa tafiya a lokacin. Ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, za ta aiko da takarda, sannan fom mai suna ESA50. Wanda bai mayar da shi a kan lokaci ba, kuma ba shi da ƙwaƙƙwaran uzuri, sai a ɗauka lafiyarsa ƙalau. Daga nan galibi a kira mutum ganawa da ma'aikacin lafiya na kamfanin Atos, wanda aka ba kwangilar tantancewar.

Ku lura da kyau a nan. Ba sunan ciwo ake dubawa ba, abin da mutum yake iya yi ake aunawa da maki, kuma sai ya haɗa 15 kafin a yarda cewa ciwon yana hana shi aiki. Wanda ba ya iya wuce mita 50 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da ya tsaya ba, maki 15 ke nan kai tsaye. Mita 100, maki 9. Mita 200, maki 6. A nan ne masu ciwon da ke tashi yana lafawa suka sha wuya. An tambayi mutum yaya ya zo, ya ce a bas, sai a rubuta cewa yana iya tafiya har tasha, yana iya zama na rabin awa. Kwana biyun da zai yi a kwance bayan ya koma gida, babu wanda ya rubuta su.

Hukunci iri uku ne: ko a ce mutum zai iya aiki, ya koma layin masu neman aiki, ko a sa shi rukunin masu shirin komawa aiki, inda halartar ganawa dole ce, ko rukunin da ba a ɗora wa wani sharaɗi. Wanda sabon kuɗinsa ya gaza tsohon, ana yi masa ciko, amma cikon yana zaizayewa duk lokacin da aka yi ƙarin shekara. Daga 2012 kuma aka ƙayyade wa 'yan rukunin tsakiya da ke karɓa bisa gudummawar inshorar ƙasa da suka biya lokacin da suke aiki kwana 365 kacal. A shekarun farko na ESA, kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka ɗaukaka ƙara a kan cewa za su iya aiki sun yi nasara. Atos ya bar kwangilar kafin wa'adinta, Maximus ya karɓa a Maris ɗin 2015.

Amma babbar ɓarnar a ofis aka yi ta, shiru. A lokacin ESA kala biyu ne: na gudummawar inshora, da na masu ƙaramin ƙarfi, wanda ke ɗauke da ƙarin kuɗi ga masu naƙasa mai tsanani. Ma'aikata suka riƙa zuba mutane a na farkon ba tare da duba ko sun cancanci na biyun ba. A 2018 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce an tauye wa mutum kusan 70,000, kowane kimanin fam 5,000 a matsakaici. Kafin shekarar ta ƙare, DWP da kanta ta ɗaga ƙiyasin zuwa 180,000. Wasu sun rasu kafin a biya su, sai magada.

Daga 2024 kuma aka shiga kwasar masu karɓar ESA na ƙaramin ƙarfi zuwa Universal Credit, tsarin da ya haɗe tallafi iri-iri wuri ɗaya, kuma a wannan karon ba a sauya kowa kai tsaye ba. A lokacin, takardar sanarwa tana ba da wata uku, mutum ya nema da kansa, in ba haka ba tsohon tallafin ya tsaya. Wanda ya ga lokacin zai ƙure masa, yana da damar buga lambar da ke jikin takardar ya nemi ƙari tun kafin ranar ta cika. Kuɗin farko yakan ɗauki mako biyar, ko da yake ana ci gaba da biyan tsohon ESA na mako biyu bayan an nema. Wanda kuma ya yi gaggawar nema kafin takardarsa ta iso, ba shi da cikon da ke kare shi idan sabon kuɗin ya gaza na da.