Me ya sa injin ruwa bai tashi ba bayan an kawo wuta?

Assalamu alaikum. Wannan tankin da kuke gani a kan rufi ya wayi gari babu ruwa, alhali an kawo wuta tun ƙarfe uku na dare, kuma mai gidan ya riga ya rubuta wa gidansa doka, wato umarni a cikin manhajar da ke sarrafa kayan wutar gidan, cewa injin jan ruwa ya tashi da kansa idan ruwa ya yi ƙasa. Injin lafiyarsa ƙalau, ma'aunin da ke cikin tanki yana aiko da lambar da ta dace, babu kuma wayar da ta tsinke. A 'yan makonnin nan wannan tambaya ta yi ta zuwa mini ta fuskoki daban-daban, wani a kan fitilar ƙofar gida, wani a kan fanka, wani a kan injin burtsatse, kuma da na duba sai na ga kusan kowa a wuri ɗaya yake tuntuɓe.

Manhajar da ke kan allo ita ce Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen, ɗan ƙasar Holan, ya fara a shekarar 2013. Na zaɓe ta ne domin tana aiki a kan 'yar ƙaramar kwamfuta a cikin gida, irin wannan Raspberry Pi da na jona wa inbata, kuma dokokinta ba sa jiran intanet kafin su gudana. Wanda yake amfani da wata manhajar mai irin wannan aiki, kamar Google Home ko SmartThings, ya ci gaba da kallo, domin tsarin tunanin ɗaya ne ko da sunayen akwatunan sun bambanta.

Kowace doka tana da akwatuna uku. Na sama shi ne abin da ke tayar da dokar, kuma zan kira shi kunama, kamar kunamar bindiga, domin sai an ja ta sannan wani abu yake faruwa. Na tsakiya shi ne sharaɗi, na ƙasa kuma shi ne aikin da za a yi. Akwatin aiki ba ya wahalar da kowa, ku zaɓi makunnin injin, ku ce a kunna shi, shi ke nan. Ga dokar mai gidanmu kamar yadda ya rubuta ta: kunama, ruwa ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, sharaɗi, akwai wutar gari, aiki, a kunna inji. Idan mutum ya karanta ta da baki ba zai ga aibu ba, kuma a nan nake so mu zauna mu daɗe.

Kunama ba ta kallon yadda abu yake, lokacin da abu ya sauya kawai take gani. Wannan doka tana farkawa ne a daidai ƙiftawar da lambar ta tsallake iyaka, wato daga 31 zuwa 29. Sharaɗi kuwa ba ya tayar da komai, kuma ba ya zaman jira. Tambaya ce da ake yi sau ɗaya, a daidai lokacin da kunama ta tayar da dokar, idan amsar ta zama a'a sai a rufe magana.

Ku ɗauka baƙo ya zo zaure ya yi sallama, yaro ya fito ya leƙa ciki ya ce maigida ba ya nan, baƙon ya juya ya tafi. Bayan awa huɗu maigida ya dawo. Yaron ba zai fita neman baƙon ba, domin ba a aike shi hakan ba, kuma babu wanda ya sake yin sallama. Sallamar ita ce kunama, leƙawar da yaron ya yi ita ce sharaɗi, dawowar maigida kuwa ba ta cikin abubuwan da aka ce su motsa kowa.

Yanzu ku bi wannan jan layin da ke nuna ruwan tankin a daren. Da ƙarfe goma sha ɗaya ruwa ya tsallake 30, dokar ta farka, ta tambaya ko akwai wuta, ta tarar an ɗauke tun magariba, sai ta koma barci. Da ƙarfe uku aka kawo wuta, ga alamar nan ta koma kore, amma ku lura babu abin da ya motsa. Da asuba mutanen gida suka tashi alwala da wanka, ruwa ya sauka zuwa 20, ya sauka zuwa 10. Mutane da yawa suna tsammanin kowace saukowa za ta sake tayar da dokar, tunda ai duk ƙasa da 30 ne. Ba haka take aiki ba. Lambar ta riga ta tsallake iyakar tun daren jiya, kuma kunamar ba za ta sake harbawa ba har sai ruwan ya haura sama da 30 sannan ya sake gangarowa, abin da ba zai yiwu ba tunda injin da zai ɗaga shi yana kashe.

Gyaran ba ya buƙatar sayen komai. Tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce, a cikin abubuwa biyun da nake so su haɗu, wanne ne zai iya zuwa daga baya? Amsar ita ce kowannensu. Wani daren ruwa ne zai ƙare bayan wuta ta daɗe da zuwa, wani daren kuma wuta ce za ta zo bayan ruwa ya daɗe da ƙarewa. Saboda haka dukansu biyu suna buƙatar zama a akwatin sama. Ga shi ina ƙara kunama ta biyu, wato wutar gari ta sauya daga babu zuwa akwai. Idan kunamu suka fi ɗaya, kowace daga cikinsu ta isa ta tayar da dokar ita kaɗai.

Kada ku tsaya a nan, domin a wannan halin duk lokacin da aka kawo wuta injin zai tashi ko da tankin cike yake, ruwa ya yi ta kwarara a bango. Sai ku sauko akwatin tsakiya ku sake rubuta abubuwan nan biyu a matsayin sharaɗi: ruwa yana ƙasa da 30, kuma akwai wuta. Sharuɗɗa, saɓanin kunamu, sai dukansu sun cika sannan a wuce. Na san maimaicin yana damun ido, kuma mutane da dama sukan goge ɗaya suna ganin kuskure ne. Ku bar shi yadda yake. Abin da ke sama yana faɗin yaushe za a duba, abin da ke tsakiya yana faɗin me za a duba, kuma a ganina yawancin dokokin gida masu haɗa abubuwa biyu da wannan siffa ya kamata a fara su.

A kan kunamar wuta na sa jinkirin minti biyu, domin mun san yadda wuta takan zo ta koma kafin ta zauna, kuma injin ruwa ba ya son a riƙa tayar da shi ana kashewa. Sai dai ku sani cewa ƙirgen wannan jinkiri yana ɓacewa idan manhajar ta sake tashi a tsakiyarsa. Don haka na ƙara kunama ta uku, wato tashin Home Assistant ɗin kanta, saboda ranar da batirin inbata ya ƙare kwamfutar ta mutu tare da komai.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane wajen gwaji, kuma shi ya sa da yawa suke rantsuwa cewa dokarsu daidai take. Wannan maɓallin da ke cikin ɗigo ukun nan na sama, wanda ake gwada doka da shi, akwatin aiki kawai yake gudanarwa. Yana tsallake kunama, yana tsallake sharaɗi. Idan kuka danna shi injin ya tashi, abin da kuka tabbatar shi ne makunnin yana amsawa, ba ku gwada dokar ba tukuna.

Wurin da ya dace a duba shi ne shafin sawu, inda manhajar take ajiye hanyar da dokar ta bi a gudu biyar na ƙarshe, sai idan kun ƙara adadin da kanku. Karanta shi ba wuya. Idan babu sawu a lokacin da kuke tsammanin aikin, to kunama ce ba ta harba ba, ku koma akwatin sama. Idan akwai sawu amma layin ya tsaya a tsakiya, to sharaɗi ne ya hana, kuma da kun taɓa wurin za ku ga abin da manhajar ta tarar a lokacin. Ga na mai gidanmu: sawu ɗaya da ƙarfe goma sha ɗaya, ya tsaya a kan sharaɗin wuta, da ƙarfe uku kuwa babu komai.

Dokar kashewa ku rubuta ta daban, ruwa ya haura 95 a kashe inji. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi, kuma ina roƙon ku ɗauke shi da muhimmanci. Kada ku bar kashe injin ruwa a hannun manhaja kaɗai. Ku sa mai gyaran wuta ya ɗaura muku makunnin nan mai yawo a saman ruwa, wanda yake yanke wuta da kansa idan tanki ya cika, kuma ya bi da injin ta kontakta, wato makunni mai ƙarfi da aka yi don ɗaukar wutar inji, domin ƙananan makunnan zamani da ake jonawa a soket ba a yi su don ɗaukar fizgar wutar da inji yake yi wajen tashi ba.

Bari mu gwada ta yadda daren ya kasance. Na kashe wutar gari daga babban makunni, na buɗe famfo, ga ruwa yana sauka, 32, 31, 29. Dokar ta farka, ta tsaya a sharaɗi, kuma haka muke so. Yanzu na mayar da wutar, ku sa ido a kan agogon da ke gefen allo. Minti ɗaya ya wuce, ga na biyu yana cika, kun ji ƙarar kontakta, ga ruwa ya fara hawa bututu zuwa tanki.